Amsoshin Tambayoyinku: Waya da Satar Amsa a Sakandare

Wani malamin sakandare daga Gusau ya aiko yana tambaya: yaya zai kafa wa ɗalibai doka kan ladabi, riƙon waya da satar amsa, ba sai kullum da bulala ba?

To Malam, mun gode ƙwarai. Ranar farko ta zango ake yin wannan aiki, tun kafin kowa ya yi laifi. Ka rubuta 'yan dokoki kaɗan a allo, ku karanta tare, kowa ya kwafa ya kai wa iyayensa su sa hannu.

Batun waya, faɗi inda za a ajiye ta: kwali ɗaya bisa teburinka, a kashe, sai an tashi. Taka ma ta shiga kwalin.

Satar amsa ce ta fi damun mu. Yara da yawa ba su ɗauki kwafo aikin gida daga ChatGPT a matsayin sata ba, sai ka faɗa musu ƙarara. Wanda ya kawo aiki, ka tashe shi ya yi bayanin abin da ya rubuta da bakinsa. Nan take za ka gane. Ka tuna musu WAEC da NECO na soke sakamakon wanda aka kama da waya a ɗakin jarrabawa. Dokar maguɗin jarrabawa ta 1999 kuma ta tanadi tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara 3, har ga wanda bai cika shekara 18 ba.

Wanda ya faɗa cikin satar amsa karon farko, ya sake aikin a gabanka, sannan ka kira mahaifinsa ku yi magana a ofis, ba a gaban aji ba.