Yadda Ake Ajiye Littafin Sauti Don Wani Ya Tsinta

A shekarar 2001 wani Ba'amurke, Ron Hornbaker, ya kafa BookCrossing: idan ka gama karanta littafi sai ka ba shi lamba, ka bar shi a kan benci ko cikin jirgin ƙasa don wani ya ɗauka. A 2010 kuma Aram Bartholl, ɗan ƙasar Jamus, ya dasa filas a jikin bango a birnin New York, mai so ya zo ya kwafa. Wannan dabara ta fi amfani idan littafin na sauti ne, domin makaho, da direban da hannunsa ke kan sitiyari, da gyatumar da ba ta yi boko ba, duk za su iya saurare. Ga matakan.

1. Zaɓi abin da kake da ikon rabawa. A Najeriya haƙƙin mallakar littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubucin. Abubakar Imam ya rasu a 1981, saboda haka ko Magana Jari Ce sai da izini. Shafin LibriVox, wanda Hugh McGuire ya kafa a Kanada a 2005, yana da dubban tsofaffin littattafai da masu sa kai suka karanta, kuma an yarje wa kowa ya raba, sai dai yawanci da Turanci suke. In da Hausa kake so, nemi izinin marubuci a rubuce, ko ka naɗi tatsuniyoyi daga bakin kakarka da yardarta.

2. Naɗi muryar da kyau. Jira dare ya yi, hayaniya ta lafa, ka kashe fanka, ka rufe taga. Ajiye wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinka. Fara da faɗin sunan littafin, da marubucin, da lambar babin, don wanda ba ya iya karanta rubutu ya san inda yake. Kowane babi ya zama fayil guda.

3. Zuba a sabon memori. Kada ka yi amfani da tsohon memorin wayarka, domin ana iya dawo da hotunan da aka goge. Mayar da sautin zuwa MP3, wanda ƙaramar waya da rediyo mai cin memori duk suke karantawa. Karatun awa ɗaya bai cika wuce 30MB ba idan an matse shi daidai da murya, ke nan memori mai 2GB zai ɗauki fiye da awa 60. Sa wa fayilolin lamba: 01, 02, 03, in ba haka ba rediyo zai iya fara labari daga tsakiya. Kada ka haɗa da wata manhaja, sauti kawai.

4. Yi masa sutura. Memori bai fi farce girma ba, da ya faɗi ƙasa ya ɓata. Manna shi da salatif a jikin kwali mai girman tafin hannu, ka saka a farar leda da ake ganin abin da ke ciki. Rubuta da boko da ajami: "Kyauta ne. Saurara, ka kwafa, ka miƙa wa wani."

5. Zaɓi wuri, ka nemi izini. A wannan zamani ƙunshin da ba a san mai shi ba yana tayar da hankali a tashar mota. Don haka ka damƙa shi a hannun wanda jama'a suka sani: mai cajin waya, mai aski, mai shayi, ko ma'aikacin ɗakin karatu. Kunna masa babin farko ya ji da kunnensa, sannan ya ajiye inda ido zai gani.

6. Koma ka duba. Bayan mako biyu ka tambayi mai wurin wa ya ɗauka, me kuma ake nema. Amsarsa ce za ta nuna maka littafin da za ka naɗa gaba.

Idan memorin bai dawo ba, kada ka damu, dama don ya yi tafiya ka ajiye shi. Fara da littafi ɗaya a unguwarku cikin wannan wata, kuma ka tuna da makafi da tsofaffin da ba su da mai karanta musu.