Yadda A Ke Shigar Da Zanen Labari A Kwamfuta A Yi Masa Launi

'Yan'uwana ɗalibai, kun dai san yaro ya fi saurin kama labarin da ya zo masa da hotuna. To, ina so in nuna muku yadda na ke ɗaukar zanen da aka yi da hannu, in shigar da shi kwamfuta, in share shi, in yi masa launi. Asirin abin ɗaya ne: baƙin zane dabam, launi dabam.

Wannan dabara ta girmi kwamfuta. Hergé, mutumin Beljiyam, ya fara labarin Tintin a 1929, aka soma buga shi da launi a 1942. Ba a kan zanensa na asali a ke shafa launin ba. Wani kwafi mai dishi-dishi a ke bugawa a fente shi, kana a ɗora baƙin zanen bisansa.

Da fari na kan yi zane da fensir shuɗi mai haske, in bi shi da baƙar tawada. Sa'an nan in kai takardar ɗaya daga shagunan kwamfuta na Utako a sa ta a sikana, watau na'urar ɗaukar hoton takarda. Ku ce wa mai shago ya sa ɗigo 600 a kowane inci, ya ajiye hoton a PNG ko TIFF. JPEG ya kan bar ƙura-ƙura a gefen layi. Abin da sikana ba ta ɗauka ba kuwa, babu gwanin da zai dawo da shi.

Sai shara. Photoshop, wanda ya fito a 1990, na kuɗi ne, amma GIMP da Krita kyauta ne, sun kuwa isa. Na kan cire shuɗin fensir, in ƙara wa takarda fari, tawada baƙi. Kana in bi layi ɗaya ɗaya in toshe duk wata kafa, don launi kamar ruwa ya ke, in ya sami kafa sai ya malale.

Launi kuwa a wani falle na ke zuba shi, ƙarƙashin fallen zane. Shi na bisan a sa shi a Multiply, farinsa ya ɓace, baƙinsa ya tsaya. A fara da launi shimfiɗaɗɗe, a tsai da inda rana ta ke, sa'an nan a sa inuwa.

Ku lura, allon kwamfuta haske uku ya ke gaurayawa, ja da kore da shuɗi, injin bugu kuwa tawada huɗu. Saboda haka launi ya kan dushe a takarda. Ku buga shafi ɗaya ku gani tukuna, kafin ku biya kuɗin arba'in.

Ga aikin gwaji: kowa ya zana tatsuniyar Gizo guda a gida huɗu, ya bi da ita ta wannan hanya, ya kai wa ajinsa lokacin koyon koyarwa.