Kula da Akwatin Giya na Motar A-Kori-Kura

Da wuya a sami gundumar da ba ta dogara ga motar a-kori-kura ba. Ita ke kai hakimi rangadi, ita ke ɗauko taki da iri, ita kuma ake tayarwa da tsakar dare idan haihuwa ta yi wa mace gardama a ƙauyen da ba asibiti. Da yawa daga cikin motocin nan ƙirar Toyota ne, ko dai Hilux wadda aka soma ƙerawa a Japan a 1968, ko kuwa Land Cruiser samfurin 70, wanda ya fito a 1984. In ban da inji, ba abin da ya fi tsadar gyara a jikinsu kamar akwatin giya, wanda bakanikai ke kira giyabos. Ba a nufin hakimi ko malaminsa su riƙe sifana. Abin da ake so shi ne su san isasshen abin da za su tambayi direba, su kuma gane maganar bakanike kafin a sa hannu a takardar biya.

Yadda akwatin yake aiki

Cikin akwatin akwai sanduna uku na ƙarfe masu ɗauke da ƙafafu masu haƙora. Ta fari tana karɓar ƙarfi daga inji ta hanyar kuloci. Ta biyu tana kwance a ƙasa cikin mai, ita ce ke watsa man sama sa'ad da take juyawa. Ta uku kuwa ita ke miƙa ƙarfin ga farfela, har ya kai ga tayoyi. A irin akwatin nan mai giya biyar, in aka sa lamba huɗu sandar fari da ta uku suna haɗewa su zama kamar guda, ta ƙasa ta huta da ɗaukar nauyi. A riƙe wannan, gama zai yi amfani nan gaba. Har wa yau akwai waɗansu zobba na tagulla, aikinsu daidaita gudun haƙora kafin su shiga juna. Su ne ke sa giya ta shiga ba gurza.

Gane cuta da kunne

Sau da yawa abin da direba ya ɗora wa akwatin giya laifin kuloci ne, gyaransa kuwa bai kai na akwati tsada ba. Saboda haka kafin a yarda a sauke akwati, sai a tsai da mota a wuri mai shiru, a bar inji yana aiki, giya tana furi. In an ji gurnani, amma da direba ya taka kuloci ya ɗauke, to boris ɗin cikin akwati ne ya ci, galibi na sandar fari. In kuwa shiru ake ji sai an taka kuloci kukan ya taso, akwati ba shi da laifi, ƙaramin boris ɗin kuloci ne.

Sa'an nan a hau hanya. Kukan da ake ji a lamba ɗaya da biyu da uku da biyar, amma ya lafa a lamba huɗu, yana nuna sandar ƙasa ko boris ɗin da ke riƙe da ita, don a lamba huɗu kaɗai take hutawa. Kukan da ke zuwa a giya guda tak, haƙoran wannan giyar ne.

Gurza ma iri biyu ce. Idan kowace giya tana gardama, musamman ribas da lamba ɗaya mota tana tsaye, kuloci ne bai saki sosai ba. A fara duba ɗan tulun mansa da ke gaban mota, watakila yoyo yake yi, ko iska ta shiga bututun. Amma idan giya ɗaya ce kurum ke gurza, in kuma direba ya taka kuloci sau biyu sai ta shiga lafiya, zoben tagullarta ne ya side. Irin wannan mota tana iya ci gaba da aiki na ɗan lokaci a hannun direba mai haƙuri. Wadda ba a jira da ita ita ce mai tsalle ta fita daga giya da kanta, gama ranar da ta yi haka a gangare da kaya ko da mutane a baya, birki kaɗai ya rage wa direba. Wani lokaci robobin da inji da akwati ke zaune a kai ne suka yage, wannan mai sauƙi ne. In ba su ba ne, lalle a buɗe akwati.

Mai

Galibi man da akwatin ke ci bai fi lita 2 zuwa 3 ba, amma rashinsa ke kashe yawancin akwatuna. Ana duba shi mota tana tsaye a wuri mai daidai. A kwance notin da ke gefen akwati, a sa yatsa: ya kamata mai ya kai bakin ramin. In za a juye, notin gefen nan ake fara kwancewa kafin na ƙasa, kada a zubar da mai sa'an nan a tarar na zubawa ya cije.

Ya kyautu malamin hakimi ya tsaya da kansa ranar juye mai, don tsohon man yana da labari. Galibi notin ƙasa yana da maganaɗisu. Baƙin gari mai laushi a jikinsa ba kome ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji, haƙori ne ko boris ke karyewa. Ƙyalli kamar na zinariya cikin man, zobban tagulla ne ke cinyewa. In man ya yi fari kamar kunu, ruwa ya shiga. Wannan yakan faru da damina, sa'ad da aka tsoma akwati mai zafi cikin rafi, ya huce farat ɗaya, ya zuƙo ruwa ta ɗan hancin da yake numfashi da shi. Motar da ta ƙetare ruwa mai zurfi a duba manta a ranar, ba a jiran lokacin sabis.

Irin man da aka saba zuba wa waɗannan motoci shi ne mai lamba 75W-90, amma littafin kowace mota shi ne alƙali, har da ajin man, ko GL-4 ko GL-5. Kada a yarda da mai kauri ƙwarai irin na manyan motoci da sunan ya fi ƙarfi. Yana rufe kuka na ɗan lokaci, ya sa giya ta yi tauri da sanyin hunturu, cutar kuwa tana nan. A hanyar ƙura da yashi kada a wuce kilomita 40,000 ba a juye ba.

Motar da ke ja da ƙafa huɗu tana da ƙaramin akwati na biyu manne da babban, da roba tsakaninsu mai hana mai wucewa. In robar ta mutu sai man wannan ya riƙa malala cikin wancan, ɗaya ya bushe, ɗaya ya cika ya batse, ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Don haka duka biyun ake dubawa tare.

Halin direba

A hana direba ɗora hannu a kan sandar giya yana tafiya, da jingina ƙafa a kan kuloci, da sa ribas mota ba ta gama tsayawa ba. Lamba biyar an yi ta don gudu a miƙaƙƙiyar hanya. In an yi lodin buhunan hatsi, ko ana jan wata mota, ko ana hawan tudu, lamba huɗu ta fi dacewa. Kuma in mota ta mutu za a ja ta tafiya mai nisa da tayoyin baya a ƙasa, a cire farfela tukuna, domin in inji ba ya aiki sandar ƙasa ba ta watsa mai, boris yakan ƙone a bushe.

Littafin mota

Malamin hakimi ya ajiye littafi guda don motar, ya riƙa rubuta ranar juye mai, da kilomitar da agogo ya nuna, da irin man, da abin da aka gani a noti. Duk kukan da direba ya kawo ƙara a rubuta ranar da ya soma, da giyar da yake yi a ciki. In ta kama a sauke akwati, a nemi bakanike ya rubuta kayan da zai canja da kuɗinsu kafin ya fara, a kuma duba faifan kuloci a wannan sauka ɗaya, don kada a biya ladan aiki sau biyu. Bayan an gama, tsofaffin kayan da aka cire a dawo da su ofishin hakimi, malami ya ƙirga su bisa ga takardar kafin a biya.