Zaɓen Bututun Birki da Notinsa Wajen Gyaran Mota

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na zauna a garejin kawuna a Legas ina taya shi aiki. Wata rana aka jawo wata mota wadda birkinta ya shanye a kan hanya. Da kawu ya leƙa ƙarƙashinta, sai ya ga an taɓa yanke bututun birki an yi masa joni da guntun bututun firji. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace in kawo wa mai karatu ɗan abin da na koya.

Aikin Bututun Birki

Idan direba ya taka birki, man birki ne yake ɗaukar ƙarfin ƙafarsa ya bi ta bututu zuwa tayoyi. A lokacin birkin gaggawa, matsin man yana iya ninka na iskar taya fiye da sau 30. Saboda haka ɗan rami kamar na allura ya isa ya zubar da man.

Ire-iren Bututu

1. Na ƙarfe mai rufi. Da shi yawancin motoci suke fitowa daga kamfani. Yana da ƙarfi da sauƙin kuɗi, amma tsatsa tana cinsa. Motocin tokumbo da suka zo daga ƙasashen da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara sukan iso da bututu a ciye, ga kuma ruwan Legas da iskar teku.

2. Na gaurayen jan ƙarfe da nikel. Kimanin kashi 90 cikin 100 jan ƙarfe ne, kashi 10 nikel. Kamfanin Volvo ya fara sa shi a motocinsa a 1976. Yana jure tsatsa, yana lanƙwasuwa cikin sauƙi, sai dai ya fi na farko tsada.

3. Na ƙarfen da ba ya tsatsa. Yana daɗewa ƙwarai, amma yana da tauri. Idan bakanike ba shi da kayan aiki masu kyau, bakinsa ba zai zauna daidai ba, sai ya riƙa yoyo.

4. Na zallar jan ƙarfe. Shi ne irin na firji. Girgizar mota tana sa shi ya yi tauri har ya tsage. A guje shi.

Baki da Noti

Bututun yawancin ƙananan motoci kaurinsa milimita 4.75 ne, wato 3/16 na inci. Ana buɗa bakinsa da na'ura ta hanya biyu. Akwai mai ninki biyu kamar bakin mazurari, wanda ya fi yawa a motocin Japan da Amurka. Akwai kuma kumburarren baki, wanda aka fi gani a motocin Turai. Ba a sa wannan a gurbin wancan.

Haka noti ma. Na milimita 10 da na 3/8 na inci sun yi kama a ido. Na incin zai shiga ramin na milimita, amma da sako-sako, kuma yana iya fizgewa idan an taka birki da ƙarfi. Dabara ita ce a tafi kasuwa, ko Ladipo ko wata, da tsohon bututun da notinsa a gwada. Wajen ɗaurawa a fara murzawa da hannu kafin a sa sifana. Idan ya cije tun farko, to ba nasa ba ne.

Bayan an gama, a duba tiyon roba da ke kusa da tayoyi ko ya tsattsage ko ya kumbura. A zuba irin man da aka rubuta a murfi, DOT 3 ko DOT 4, a fitar da iska, sannan a danne birki a duba ko akwai yoyo.

Kammalawa

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Idan bututu ya ruɓe, canza shi gaba ɗaya ya fi joni. Mai mota yana da haƙƙin ya tambayi bakanike irin bututun da zai sa masa, domin ransa da na fasinjojinsa ne a kai. Allah ya tsare mu a hanya, amin.