Asalin Horon Masu Laifi da Abin da A Ke Nufi da Shi

Babu wata al'umma da ta taɓa zama wuri guda ba tare da ta tsai da abin da za a yi wa mai laifi ba. Amma abin da a ke ɗauka laifi, da irin horon da a ke yi a kansa, da dalilin horon, duka sun yi ta sauyawa daga zamani zuwa zamani. Hakimi da malaminsa su ne su kan fara jin labarin sata ko faɗa ko kisan kai a ƙasarsu, saboda haka ya kamata su san tarihin wannan al'amari.

Zamanin Ramuwa

Kafin a kafa sarauta mai ƙarfi, ramuwa a hannun dangi ta ke. In an kashe mutum, 'yan'uwansa su kan tashi su kashe wani daga dangin wanda ya yi kisan, waɗancan su ma su rama, haka abin zai yi ta tafiya. Larabawa sun ce Yaƙin Basus na zamanin Jahiliyya a kan taguwa guda ya tashi, ya kuwa ɗauki shekara 40. Watau aikin farko na doka shi ne ta karɓe ramuwa daga hannun mai fushi, ta danƙa ta ga hukuma, ta kuma yi mata iyaka.

Dokokin da Aka Fara Rubutawa

Mafi tsufan littafin dokoki da aka samu shi ne na Ur-Nammu, sarkin birnin Ur a kudancin Iraki, wajen shekara 4,100 da suka wuce. A ciki an yanka kisa ga mai kisan kai da ɗan fashi, amma wanda ya ji wa wani rauni azurfa ya kan biya. Bayan kamar shekara 350, Hammurabi sarkin Babila ya sa aka sassaƙa dokoki 282 a jikin dutse, wanda aka tono a Iran cikin 1901. Shi ya tsai da ido a bakin ido, amma fa tsakanin manya da manya kaɗai. In talaka aka fasa wa ido, azurfa a ke biya. In bawa ne, rabin kuɗinsa.

A birnin Atina ta Girka, wajen shekarar 621 kafin haihuwar Annabi Isa, Darako ya rubuta dokoki masu tsananin gaske, ko da ya ke ya bambanta kisan ganganci da na kuskure. A Rum kuwa, wajen shekarar 450 kafin haihuwarsa, an rubuta dokoki a alluna 12 aka kafa a dandalin gari, domin talaka ya san hukunci tun kafin ya faɗa a kansa.

A ƙasar Sin, masu mulkin daular Qin sun yi imani tsoro kaɗai ke riƙe jama'a, har su kan kama maƙwabta da laifin maƙwabcinsu. Sun haɗa ƙasar duka a hannunsu cikin 221 kafin haihuwar Annabi Isa, amma cikin shekara 15 tawaye ya rushe daular.

Shari'ar Musulunci

Shari'a ta kasa horo kashi uku. Akwai haddi, wanda aka yanke ƙadarinsa, amma sharuɗɗan tabbatar da shi masu tsanani ne, shubuha kuwa ta kan kau da shi. Akwai ƙisasi, wanda ya ke haƙƙin wanda aka cuta ko magadansa ne, suna iya yafewa ko su karɓi diyya, wadda asalinta a kan rai raƙuma 100 ne. Akwai ta'aziri, wanda aka bar wa alƙali ya auna. An ruwaito Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannun ɓarawo a shekarar yunwa. A ƙasar Hausa kuma, cikin littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi sarakunan zamaninsa da mai da hukunci hanyar ƙwace dukiya da karɓar gaisuwa.

Daga Rataya zuwa Kurkuku

Wajen 1800, laifuffukan da a ke rataye mutum a kansu a Ingila sun wuce 200, har da satar kayan sule 5 a kanti. Duk da haka sata ba ta ƙare ba. Masu taya alƙali yanke hukunci ma su kan rage ƙimar abin da aka sata da gangan don kada a rataye mutum, watau tsananin doka ya hana ta aiki. Daga 1788 zuwa 1868 an kwashe fursuna wajen 160,000 zuwa Ostireliya.

Cikin 1764 wani masani na Italiya, Bakariya, ya bayyana cewa abin da ke hana laifi shi ne mutum ya tabbata za a kama shi a hukunta shi da sauri, ba tsananin azaba ba. Cikin 1777 Jon Hawad ya tona ƙazanta da cututtukan kurkukun Ingila. A da, kurkuku galibi wurin tsare mutum ne kafin shari'a. Daga wannan zamani ne ɗauri ya zama shi kansa babban horo.

A Jihar Arewa, dokar Final Kot ta fara aiki cikin 1960. An ɗauko tsarinta daga ta Sudan, wadda ita kuma ta samo asali daga ta Indiya ta 1860. Cikin 1968 Gwamnatin Tarayya ta karɓi gidajen yari daga hannun En'e. Daga shekarar 2000 jihohi 12 suka shigar da hukunce-hukuncen Shari'a cikin dokokinsu na laifi. Cikin 2019 aka sake wa gidajen yari suna, suka zama gidajen gyaran hali.

Manufofi Biyar

Na ɗaya, sakayya: mai laifi ya ɗanɗana gwargwadon abin da ya aikata, ba ƙari. Na biyu, tsoratarwa: shi da masu kallo su ji tsoron aikata irinsa. Na uku, kare jama'a: a nisantar da mai haɗari daga mutane. Na huɗu, gyaran hali: ya fito da sana'a da natsuwa. Na biyar, mayar wa wanda aka cuta haƙƙinsa.

Waɗannan manufofi ba kullum su ke tafiya tare ba. Yaron da ya saci akuya, in aka jefa shi cikin riƙaƙƙun ɓarayi, an tsoratar da wasu, amma mai akuya bai sami kome ba, yaron kuwa ya yiwu ya fito ya fi da lalacewa. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Abin da Ya Rataya a Wuyan Hakimi da Malaminsa

Yanke hukuncin laifi aikin kotu ne, amma hakimi na da rabonsa. Sa'ad da jama'a suka kama ɓarawo suka tasam ma dukansa, sun koma zamanin ramuwa ke nan. Wajibi ne hakimi da dagatansa su tsare ransa su miƙa shi ga 'yan sanda. Kada a kama uba ko mata a madadin wanda ya gudu. Malamin hakimi kuwa ya rubuta rana da wuri da sunayen shaidu nan take, ya rarrabe abin da aka gani da abin da aka ji, domin rahoto mai kuskure ya kan ɗaure marar laifi. In ɗaurarre ya gama wa'adinsa ya komo gida, hakimi ya taimaka ya sami gona ko sana'a, gama wanda aka toshe wa kowace ƙofa ta halal, wadda ya sani zai koma.