Darasi na 12: Ƙwaron da Ya Ari Rigar Rina

Yawancin 'yan'uwan malam-buɗe-littafi masu kewaya fitila da dare suke fita. Amma akwai wani daga cikinsu a Amurka ta Arewa wanda da rana tsaka yake yawo a gonakin kabewa. Masana kimiyya suna kiransa Melittia cucurbitae.

Duk wanda ya gan shi zai ɗauka rina ce. Cikinsa ruwan lemo ne mai ɗigo-ɗigon baƙi, fukafukansa na baya kuwa garau suke kamar gilashi, kuma yana ƙugi idan ya tashi. Sai dai ba shi da ƙari, ba ya harbi. Tsuntsun da rina ta taɓa harba ba zai so ya kusance shi ba, da haka yake tsira. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Walter Bates, shi ne ya bayyana irin wannan dabara a 1862.

To, yaya za a bambanta su? A dubi ƙugu. Na rina siriri ne ƙwarai, na wannan ƙwaro kuwa kauri gare shi. Haka kuma ƙafafunsa na baya cike suke da gashi.

Macen takan saka ƙwai ɗaya-ɗaya a gindin kabewa. Bayan kamar mako guda sai tsutsa fara mai kai ruwan ƙasa ta fito, ta huda kara ta shige. A nan ɓarnar take. Takan yi mako 4 zuwa 6 tana ci daga ciki, har ruwa ya kasa hawa zuwa ganye. Manomi ya ga shukarsa ta yi yaushi, ya yi ta ban ruwa a banza. Da zai duƙa ya duba, da ya ga ƙaramin rami da wani abu kamar dusa a bakinsa. Idan tsutsar ta ƙoshi, sai ta shiga ƙasa, ta saƙa wa kanta gida, ta kwana cikinsa duk lokacin sanyi. Da zafi ya dawo sai ta fito da fukafukai.

Aiki
1. Me ya sa tsuntsaye suke gudun wannan ƙwaro?
2. Ku yi jimla da kowace kalma: ƙari, yaushi, huda.
3. Ku kawo jam'in: ƙwaro, tsutsa, gona.