Yadda Za Ka Toshe Saƙonnin Talla a Wayarka

Duk wanda ya taɓa sayar da masara a kasuwar Dandume ya san wannan tsayuwar: mai saye ya ce ya tura kuɗi, kai kuma kana laluben alat cikin tarin saƙonnin cacar ƙwallo da tallar bashi da waƙar kira. Tun 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta tanadi maganin wannan, amma har yau da yawa daga manoman Funtuwa da Malumfashi ba su san da shi ba.

Da farko, rubuta STOP ka tura zuwa 2442. Kyauta ne, kuma yana aiki a MTN da Airtel da Glo da sauran layuka. Washegari ka tura STATUS zuwa lambar don ka tabbatar an rufe. In kana son wasu saƙonnin tallan su ci gaba da shigowa, misali na banki ko na lafiya, tura HELP, za a jero maka su ka zaɓa.

Sai masu cin kati a ɓoye, waɗanda su ne suka fi ba ni haushi. Mutum ya sa katin ɗari biyar don ya kira dillalin taki, kafin la'asar an zaftare rabi saboda wani wasa da bai san ya shiga ba. Danna *305# ka duba abin da aka ɗora wa layinka, ka soke shi.

In ba su daina ba, kira 300 ka kai wa kamfanin layinka ƙorafi. Kar ka kashe waya sai an ba ka lambar ƙorafi, kuma ka rubuta ta a takarda. Da ita za ka kira NCC a 622, shi ma kyauta. Ka adana saƙonnin, su ne shaidarka.

Ga mai imel, tallar kamfanin da ka sani tana da kalmar Unsubscribe a can ƙasa, danna ta. Saƙon wanda ba ka sani ba kuwa, kar ka taɓa komai a cikinsa, jefa shi akwatin Spam.

Akwai saƙon da 2442 ba ta tare shi, wato na ɗan damfara mai amfani da layi irin naka. Da damina ta kawo jiki zai ce sunanka ya fito a tallafin taki, ka turo BVN ko lambar sirrin katinka. Kar ka ba shi amsa, ko da zagi ne, domin amsar ce ke nuna masa akwai mutum a layin. Toshe lambar, sannan ka karanta wa dattawan gidanku saƙon, don su gane irinsa ranar da ya faɗo wayarsu.